Farfelar motar wasa ta tona mini asiri bayan shekara 23 ina walda

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka, da fatan ana haƙuri da zafin bana. Ni mai walda ne a nan birnin Sakkwato. Ƙofofi da tagogi da get da gadajen ƙarfe su ne abincina, shekara 23 ke nan. Ban taɓa rubuto wa jarida ba, kuma ko wannan ɗin ni ke faɗa, ɗan ƙanwata ke bugawa a waya, saboda haka in an ga kuskure a raba mana shi biyu.

Abin da ya tayar da ni shi ne maganar da nake yawan ji a majalisa da rediyo, cewa yaran yanzu sun guje wa sana'ar hannu, waya ta cinye su. Ni ma na sha faɗin haka, da bakina, a gaban yaran shagona. Ina so in ba da labarin abin da ya sa na rage faɗa.

Da hunturun da ya wuce ɗan ƙanwar nan tawa, shekararsa 16, ya shigo shago da wani abu a cikin buhu. Ya zazzage, sai ga mota, irin wadda ake tuƙawa da rimot. Ba irin ta robar nan da ake saye wa yara da Sallah ta kwana biyu ta mutu ba. Wannan tsawonta ya kai kamu ɗaya, an ƙera ta a kan ɗaya bisa goma na babbar mota, ƙafa huɗu ke ja, tana da shokozoba mai mai a ciki, da giya, da boris a kowace taya. A gaba kowace taya da ɗan shaf ɗinta, wato 'yar sandar ƙarfen da ke juya ta, a baya kuma aksul guda ne kamar na a-kori-kura, da farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksul, mai kuros biyu, gaɓoɓin da ke ba ta damar juyawa a karkace. 'Yar Sin ce, wani yayansa ya samo masa ita ta hannu daga Kano. Ya kai ta rairayi, ta yi tsalle ta dira a kan taya ɗaya yana danne da wuta, shaf ɗin gaba na dama ya karye.

Ya ce, "Kawu, ka taimake ni. Na nema ko'ina babu, in anka yi oda kuma sai an yi wata ana jira, kuɗin kawowa ma sun hi kuɗin abin."

Yaran shago suka bushe da dariya. Ni ma na yi. Na ɗauki guntayen biyu na duba: ɗan ƙarfe mai kaurin milimita 4, tsawonsa bai kai yatsana na tsakiya da rabi ba, kowane kai da ɗan dunƙule da fil a gicciye. Na ce, "Kawo nan, wanga ai aikin minti biyu na."

Edita, da sandar walda mai milimita 2.5 nake haɗa yawancin aikina, wutar tana wajen amfiya 80. Na ɗora ta a kan abin nan. Kafin in ɗaga gilashi daga fuskata, rabin santimita na shaf ɗin ya zama ɗigo a ƙasa. Na cike gurbin, na rage wuta, na riƙa taɓawa ina ɗagawa, na goge da giranda. Na ɗaga shi sama na kanne ido ɗaya, yadda nake duba ƙafar get, na ce ya miƙe. Yaron bai ce komai ba. Ya je ya ɗauko wani fasasshen gilashin taga da ke jingine, ya shimfiɗa a kan benci, ya ɗora shaf ɗin yadda kawunan za su leƙo waje, ya tura shi da yatsa. Abin ya riƙa tafiya yana ɗingishi kamar jakin da ƙaya ta soka. Ya ce, "Kawu, bai miƙe ba." A gaban yarana.

Na ce a sa haka nan, ai mota ce ta wasa. Aka sa. Tayar ta riƙa rawa, motar tana kaɗawa kamar mai zazzaɓi, ba a yi minti biyar ba ya sake karyewa, ya tafi da boris ɗaya. Kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba a kan waldar ya karye ba. Gefenta ne, kamar faɗin ƙwayar gero daga inda wutar ta tsaya, ya ɓalle fes kamar alli.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Ba don motar ba. Mutum ya yi shekara 23 yana abu, yaro ya zo da guntun gilashi ya nuna masa idonsa ba ma'auni ba ne.

Washegari muka zauna da shi muka yi lissafi a bayan kwalin sandar walda. Tayar babbar mota irin ta gida, kewayenta kusan mita 2 ne. In tana gudun kilomita 50 a awa, tayar na juyawa sau 400 da 'yan kai a minti. Tayar wannan 'yar motar faɗinta santimita 11, kewayenta bai kai santimita 35 ba. A wannan gudun dai, sai ta juya sau 2,400 a minti. Farfelar baya ta fi haka, don mun buɗe aksul mun ƙirga haƙora: ƙaramin giya 13, babba 38, wato farfela na juyawa kusan sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. Ka ga an kai wajen 7,000 a minti. Karkatar da ba za ta hana ƙofa rufuwa ba har ƙofar ta tsufa, a nan tana dukan boris sau dubbai kafin ka gama shan shayi. Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce, haka Hausawa suka ce, amma ba su gaya mana cewa ta fi garma tsiwa ba.

Maganar karyewa a gefen walda kuwa, na san ta a aikace tun ina yaron shago, ban dai taɓa tsayawa na tambayi dalili ba. Irin wannan shaf ba ƙarfen get ba ne. Ƙarfe ne da aka gasa aka ba shi tauri a masana'anta. In ka kai shi ga narkewa, wajen digiri 1,500, sai sanyin sauran jikinsa ya janye zafin nan take tun da wurin da ya narke ƙarami ne, kamar an tsoma shi a ruwa. Inda hakan ta faru yakan yi taurin gilashi, tauri marar juriya. Gaba kaɗan kuma, inda zafin bai kai haka ba, sai ya saki taurinsa ya yi laushi. Wato a cikin santimita ɗaya ka tara ƙarfe iri uku, kowanne da halinsa, ka ce su yi aiki tare. Ko launin da ke fitowa yana ba da labari: in gogaggen ƙarfe ya yi ruwan kara ya wuce digiri 200, in ya yi shuɗi ya kai wajen 300, taurin ya fara tafiya ke nan. Na shekara ina ganin launukan nan a matsayin dattin da za a goge kafin fenti.

Yaron ya nuna mini a waya yadda masu wannan harka a ƙasashen waje ke yi. Waɗanda ke da motocin manyan kamfanoni, irin Tamiya na Japan ko Traxxas na Amurka, ba su ma cika wahala ba, kowane noti da lambarsa, oda kawai suke yi. Masu ƙera nasu kuwa da waldar agon suke aiki, mai allurar tangistin, wadda za a iya rage wutarta ƙasa sosai a ɗiga ƙarfe kamar ana ɗiga kwalli. Ina da masaniya a kanta, amma injin da tukunyar iskar ba abin da zan saya ba ne don motar ɗan ƙanwata.

Sai na tuna da wani dattijo maƙerin fari da na sani ta wajen Maƙera Assada, abokin mahaifina, Allah ya jiƙan mahaifina. Ga wanda bai sani ba, ƙira a ƙasar Hausa kashi biyu ce tun asali. Maƙeran baƙi su ne masu garma da fartanya da gatari da takobi. Maƙeran fari su ne masu azurfa da tagulla, zobe da munduwa da kayan adon doki. Mu masu walda, in za a ba mu dangi, jikokin maƙeran baƙi ne. Ban taɓa zaton wata rana zan je neman ilimi a ɗaya gidan ba.

Na same shi bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa guntayen. Ya juya su a tafin hannu, ya kawo kusa da ido, ya ce, "Wa yay yi wanga ta'adi?" Na ce, "Ni na, Baba." Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ku 'yan lantarki kun ɗauka sana'a ranar da anka kawo wuta garinga tat hwara. Kai hwaɗa kaka yi da ƙarhe. Wanga ɗan abu lallashi shika so. Ba a narka shi. Riga za ka yi mai, ka ba shi sinadari shi sha."

A nan na fara sanin cewa kalmar sinadari da muke ji kullum a rediyo, sinadarin kaza a abinci, sinadarin kaza a magani, a bakin maƙera sunan abin liƙin ƙarfe ne. Ya ce haka ya taras ana faɗa.

Ga yadda aikin yake, don mai son gwadawa. Shi ya nuna mini tushen, sauran ni da yaron muka yi ta lalube har muka daidaita.

Rigar ita ce guntun bututu da zai rufe mahaɗar. Mun gwada abubuwa da dama, wanda ya fi shi ne bututun nozul na injin dizal, wanda ake samu a wajen bakanikai a yashe. Kaurinsa ta waje wajen milimita 6 ne, raminsa siriri, namansa kauri, kuma ƙarfe ne mai kyau tun da an yi shi don ya jure matsi. Sai a yanko miƙaƙƙen wuri kamar santimita 2, a faɗaɗa ramin da diril har shaf ɗin ya shiga. Shigar ita ce sirrin. Kada ya shiga da guduma, kada kuma ya yi lako-lako. Ratar da ake so ba ta wuce kaurin gashin kai ɗaya ko biyu ba, domin narkakkiyar azurfa ba zuba ta ake yi ba, tsotse ta ramin ke yi, yadda lagwani ke jan kananzir. In ratar ta yi faɗi ba za ta hau ba, in babu rata sam ba ta da hanya. A tsakiyar rigar a huda ɗan rami, ta nan za ka ga ko bakunan biyu sun haɗu, ta nan kuma za ka ga azurfar in ta iso.

Sai wanki. A goge bakunan da cikin rigar da samfefa har su yi fari, kada a sake taɓawa da yatsa. Ni da hannuna ba ya rabuwa da baƙin mai, wannan ya fi komai yi mini wuya. A shafa farin garin nan da ake kwaɓawa da ruwa, mai hana ƙarfe yin tsatsar wuta.

Miƙewa kuma ba a bar wa ido ita. Guntun angil ayon muka samu, sabo, muka kwantar da shi bakinsa sama kamar kwalbati, muka yanke masa gurbi a tsakiya inda rigar za ta zauna tun da ta fi shaf ɗin kauri. Duk abin da ka kwantar a cikin wannan kwari dole ya bi layi ɗaya. A ɗaure kowane ɓangare da siririyar waya, ba da ƙarfi ba, don ƙarfe na miƙa in ya ji zafi.

Kawunan shaf ɗin, inda fil yake, su ne ke buƙatar taurinsu, don haka a kare su daga zafi. Baba da jiƙaƙƙen yumɓu yake rufewa. Yaron ya ce ya ga Turawa na soka kan a cikin ɗanyen dankali. Ranar babu dankali kusa, mu kuwa Sakkwato abin da ba mu rasawa albasa ce, sai na soka a albasa. Ta yi aikin. Amma har magariba shagon na ƙamshin suya, wani mai kawo gyaran kujera ya tambaya ko mun fara sayar da tsire. Mun koma yumɓu.

Wutar ta gas ce, irin ta masu gyaran salansa da lagireto, da ƙaramin baki, harshen wutar a tausashe. Rigar ake gasawa, ana zagayawa, a cikin inuwa don a ga launi. In garin nan ya narke ya zama kamar ruwa, ƙarfen ya fara ja mai duhu, sai a janye wutar kaɗan a taɓa wayar azurfa a bakin rigar. Zafin ƙarfen ne zai narkar da ita, ba harshen wuta ba. In komai ya yi daidai za ka ga ta ɓace, ta shige, sai ga ta ta leƙo ta ramin tsakiya tana ƙyalli. Wallahi ranar da na fara ganin haka sai da na yi kabbara. Wayar azurfa mai kyau tana narkewa ƙasa da digiri 700, ta tagulla kuwa sai wajen 900. Tagulla ma tana riƙewa, mun yi da ita da babu azurfa, sai dai zafinta ya fi cin taurin ƙarfen kuma ba ta shiga siririn wuri kamar azurfa. In an gama kada a kuskura a tsoma a ruwa. A tura cikin toka ko busasshen rairayi ya huce don kansa. Sannan gilashi.

A gwaji na biyar ne shaf ɗin ya gangara a kan gilashin nan shiru, ba ɗingishi. Yana jikin motar har yau.

Akwai wani abin takaici da ya faru a tsakani, zan faɗa don kada wani ya faɗa ramin. Na je wani shago na ce a ba ni wayar azurfa, aka ba ni wata fara mai laushi, aka karɓi kuɗin azurfa. Ashe dalma ce irin ta masu gyaran rediyo, wadda ke narkewa ƙasa da digiri 200. Ta kama, ta yi kyau a ido, motar na tashi rigar ta juya a kan shaf ɗin kamar zobe a yatsa. Na koma, mai shagon ya ce shi ma haka aka sayar masa. Allah ya sani. Gwajin dai mai sauƙi ne: in kan gogar gyaran rediyo ya narkar da ita, ba ita ba ce.

Da shaf ɗin gaba ya zauna, sai yaron ya zo da wata sabuwa. Yana so a ƙara wa motar tsawo da santimita 4, a yi mata bodi na buɗaɗɗen baya, irin motocin da ke ɗaukar kaya zuwa Illela. To, da ka matsar da aksul baya, farfelar da ta zo da motar ta zama gajera, kuma babu kamfanin da ke yin mai wannan tsawon, tun da motar yanzu babu irinta a duniya. Dole a ƙera. Ƙarin muka samo daga cikin matacciyar firinta a wajen 'yan jari-bola. Sandar da kan firinta ke zirga-zirga a kanta miƙaƙƙiya ce, sumul, ta fi duk wani rodi da na taɓa saye. Riga biyu wannan karon, ɗaya a kowane gefen ƙarin.

Awon tsawon ma darasi ne. Aksul na hawa da sauka, saboda haka nisan da ke tsakaninsa da giya ba ɗaya ba ne kullum. Shi ya sa farfela ke da wurin da take zugewa, wani cikin wani. Sai ka danne motar har ƙasa ka auna, ka ɗaga ta tayoyi na reto ka sake aunawa. In ta yi tsawo, ranar da motar ta dira za ta tokare giya. In ta yi gajarta, ranar da ta yi tsalle za ta zare ta faɗi. Mun yi duka biyun kafin mu dace.

Muka gama, ta gangara a gilashi lafiya lau, muka ɗaura. Sai motar ta riƙa wani gurnani tana karkarwa in an ba ta wuta. Na rantse miƙaƙƙiya ce. Muka kwance, muka duba boris, muka duba giya, kwana biyu. Yaron ne ya gano. Kuros ɗin gaba da na baya ba su kalli wuri ɗaya ba, na juya ɗaya wajen liƙi ban lura ba. Duk bakaniken kirki ya san in zai zare farfelar babbar mota sai ya yi mata alama da alli don ta koma yadda take. Na san dokar, ban san hikimarta ba sai a bakin ɗan shekara 16. Kuros in yana aiki a karkace, ba ya miƙa juyi daidai wa daida. A kowane zagaye ɗaya sai ya yi sauri sau biyu ya yi jinkiri sau biyu. Na biyun aikinsa ya warware abin da na farko ya ƙulla, amma sai in kunnuwansu na kan layi ɗaya, karkatarsu kuma ta yi kusan daidai. In ka juya ɗaya, maimakon ya warware sai ya ƙara. Daɗin liƙin azurfa shi ne ana iya sake gasawa a juya. Da walda ce, sai dai a yanke a sake sabo.

Kuskure na ƙarshe nawa ne ni kaɗai, kuma na girman kai ne. Da na ga hannuna ya faɗa, sai na ce bari in yi farfelar da ba za ta ƙara karyewa ba har abada. Na sa ƙarfe mai kauri, na cire siririn fil ɗin da ya zo da ita na sa guntun bakin diril. Ba ta karye ba kuwa. Ranar da taya ta maƙale tsakanin duwatsu yaron na danne da wuta, haƙoran giyan aksul ne suka zube, guda huɗu. Fil ɗin da na raina ashe shi ne fiyus. An bar shi da rauni da gangan, don in abu ya yi tsanani shi ya tafi, ba giya ba. Fil ana yanko shi daga kowace ƙusa. Giya kuwa sai da muka jira mako biyar.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce, don an faɗa mini a fuska. Ana fama da abin da za a ci, wani na liƙa farfelar motar wasa da azurfa. Gaskiya ne abin ba na kowa ba ne, kuma ban ce a cire kuɗin hatsi a sayi mota ba. Ni ma ban taɓa sayen ko ɗaya ba. Amma mu da muka tashi muna yin motar kara da ta gwangwani da ta waya mai dogon sitiyari, wa ya ce mana ɓata lokaci muke yi? Da yawanmu a nan hannu ya fara sanin abin da ake nufi da taya ta zauna daidai. Bambancin kawai, tamu ba ta gudun da za ta kunyata mai ita. Wannan tana yi, kuma nan take.

Ga abin da na gani a shagona. Ina da yara biyar. A da in na ce a auna, sai a ɗora tef a ce "ya yi", in an samu ratar rabin inci a cike da walda, giranda ta rufa asiri, fenti ya rufa na giranda. Haka aka koya mini, haka na koyar. Yanzu na sayi ma'aunin baniya, mai baki kamar na kada, wanda ke nuna kashi goma na milimita. Ƙaramin cikinsu, wanda na kusa mayar wa uwarsa don na ga kamar ba ya fahimta, shi ya fi kowa iya riƙe shi, shi ke huda riguna yanzu, hannunsa ba ya rawa. Guntun gilashin nan ya samu ƙusa a bango. Get ɗin da muka yi wa wani Alhaji a Mabera kwanan baya, da yatsa ɗaya ake tura shi, domin a karo na farko mun jera fatocin a cikin angil ayon kafin mu kama su, ba mu bar wa ido ba. Ban gaya masa daga ina dabarar ta fito ba.

Shi ya sa nake roƙon malaman kwalejojin fasaha namu, irin na Farfaru da Runjin Sambo, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, su duba wannan. Matacciyar mota ɗaya irin wannan, a kan tebur, tana ɗauke da giya da kuros da boris da shokozoba da lissafin juyi, duk a abin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya, kuma in ya yi kuskure ba ran kowa a ciki. Ina kuma roƙon 'yan'uwana masu walda mu riƙa leƙa tsofaffin maƙeran fari tun suna nan. Baba ya haura 80. Ya ce mini rabon da wani ya zo ya tambaye shi yadda ake abu, ba nawa ne abu ba, ya manta.

Gargaɗi ɗaya ga iyayen da yaransu ke da irin motocin nan, yanzu da muke cikin bazara zafi na haura digiri 40. Batirinsu, wanda ake kira lifo, ba ya son zafi, ba ya son huji, ba ya son a bar shi a caji a tafi. In ya kumbura ya gama aiki, kada a matsa shi, kada a ajiye shi a ɗaki. In ya kama wuta ba ya jin lallashi. A shagona doka ce, batir ba ya ƙetare bakin ƙofa, ana cire shi a bar shi a inuwa cikin tukunyar ƙasa, kuma ba a kusantar da wuta ga komai sai an kwance shi daga jikin motar.

Yanzu haka motoci uku ne a kan kanta suna jira, ban san yadda labari ya bazu ba. Ɗaya ta wani ma'aikacin asibiti ce da ya girme ni, ya kawo ta da dare a cikin kwali ya ce ta ɗansa ce, amma yadda ya yi bayanin ciwonta na gane. Wayar azurfar da Baba ya ba ni saura kamar tsawon yatsa. In akwai mai karatu a Sakkwato ko Kano da ya san inda ake samun ta gaskiya, mai narkewa a jan ƙarfe ba a kan gogar rediyo ba, don Allah ya sanar ta wannan shafi, yaron zai gani ya karanta mini. Ya ce kuma in ƙara da cewa gilashin dabararsa ce ba tawa ba. Na ƙara.

Wassalam.

Naka,
Wani mai walda,
Sakkwato.